Yaushe haƙoran jariri ke fara ginuwa a ciki, kuma da gaske daga na uwa ake ɗiba?

"Assalamu alaikum Likita. Ina ɗauke da cikin wata biyar, na biyu ke nan. Tun da cikin ya shiga wata uku dasashina ke jini duk sanda na goge baki. Uwar mijina ta ce ai haka abin yake, ɗan da ke ciki ne ke zuƙar haƙoran uwarsa yana gina nasa, ita ma kusan kowace haihuwa sai ta rasa haƙori. Ni kuma a zatona jariri ba ya fara haƙori sai bayan an haife shi. Sannan ɗana na fari, shekararsa uku, haƙoransa na gaba na sama sun yi ruwan ƙasa suna marmashewa. An haife shi bai cika wata takwas ba, kuma ina tuna na sha kafso daga kyamis lokacin cikinsa saboda gudawa. Shin tun daga ciki ya samo matsalar? Me zan yi kada wannan ma ya zo da irinta?" Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Tambayoyi uku ne a dunƙule cikin saƙonki: yaushe ake fara gina haƙori, daga ina ake samo kayan ginin, sannan me ya sami na yaronki. Amsar ta farko ita ce mabuɗin sauran, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Abin da ke gudana a bakin ɗan tayi

Zaton da kika yi shi ne zaton yawancin mutane, tunda ana haihuwar jariri baki wayam, sai ya kai wajen wata shida a ga fari ya leƙo a dasashin ƙasa. Amma wannan leƙowar ƙarshen aiki ce. An fara shi tun ɗan tayi na da mako shida, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da shigar cikin ba, suna dai cewa al'ada ta yi jinkiri. Makonnin da zan ambata daga ranar shigar ciki ake ƙirga su. Lissafin da ake rubuta miki a katin awo yana gaba da su da kimanin mako biyu, don shi daga ranar al'adar ƙarshe yake farawa.

A mako na shida fatar da ta shimfiɗe cikin bakin ɗan tayi takan yi kauri a layi biyu masu lanƙwasa, ɗaya inda muƙamuƙin sama zai kasance, ɗaya a ƙasa. Wajen mako na takwas sai kowane layi ya tura 'yan ƙulla-ƙulla guda goma su nutse cikin naman da ke ƙarƙashinsa. Goma sama, goma ƙasa, ashirin ke nan, adadin haƙoran nono cif. Daga nan kowane ƙulli sai ya lotsa ta ƙasa ya rungumi wani curin nama, yana ta lulluɓe shi, har zuwa wajen mako na 11 da na 12 inda siffar haƙorin ke fara bayyana. A nan ake yanke hukuncin wanne ne zai zama mai faɗin baki na gaba, wanne fiƙa, wanne turmi mai tudu-tudu. Duk wannan kuwa nama ne lallausa, babu ɗigon tauri a jikinsa tukuna.

Abin da ya fi burge ni a wannan mataki shi ne haƙori ba daga tushe ɗaya ya fito ba. Farin ɓawon nan mai sheƙi da muke gani a waje, wanda muke kira inamel, daga fatar baki ya samo asali. Abin da ke ƙarƙashinsa, wato dantin mai ɗan rawaya da ɓargon da ke tsakiya inda jijiyoyi da jini suke, daga wasu ƙwayoyin halitta ne da suka yi ƙaura daga gefen inda ƙwaƙwalwa da laka ke tsirowa suka gangaro fuska. Ɓangarorin biyu ba sa aiki sai da izinin juna. Na waje ne ke aika saƙo na ciki su fara zuba dantin, kuma sai dantin ya fara zuba sannan na waje ke samun damar ɗora inamel a kansa. Idan saƙon ya katse tun da wuri, haƙorin ba zai samu ba sam, shi ya sa za ki ga mutum ya girma babu ƙaramin haƙorin da ke kusa da na tsakiya, ba kuma cire shi aka yi ba. Idan kuma layin ya tura ƙulli fiye da ƙima, sai a sami haƙorin da ya yi rara.

Tauri yana farawa wajen mako na 14, a haƙoran tsakiya na gaba. Turmi na farko ya biyo, sai na gefe, sai fiƙa wajen mako na 17, turmi na biyu kuma a mako na 18 zuwa 19. Ke da ke wata biyar, kusan duka ashirin ɗin sun riga sun fara tauri a bakin abin da ke cikinki. Ginin yana farawa ne daga tsinin haƙori ya gangaro zuwa wuyansa. Ƙwayoyin da ke zuba inamel suna aiki kamar magina masu ɗora sahun tubali suna ja da baya: kowace rana sahu ɗaya, kaurinsa bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 1000 na milimita ba, kuma ba sa komawa kan sahun jiya su gyara. Tun kafin haƙori ya huda dasashi aikinsu ya ƙare, da ya fito kuma sun watse ke nan har abada. Ƙashi idan ya karye yana haɗewa, fata tana warkewa, dantin ma ƙwayoyinsa na nan da rai a cikin haƙori suna ɗan ƙara shi tsawon rayuwa. Inamel kuwa, duk da ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, sau ɗaya tak ake yin sa. Ki riƙe wannan, don shi ne zai bayyana mana batun yaronki.

Ranar haihuwa kawunan haƙoran gaba sun yi nisa ƙwarai, fiye da rabi, wasu saura kaɗan su kammala, su kuwa turame na biyu tsininsu kawai ya yi tauri. Babu wanda ya yi saiwa tukuna. Saiwa sai bayan haihuwa, kuma ba ta gama tsawo sai haƙorin ya riga ya fito. Wahalar haihuwa da sauyin da jariri ke shiga a kwanakin farko, daga ci ta cibiya zuwa tsotson nono, sukan sa ƙwayoyin nan su yi ɗan tuntuɓe, sai a sami wani siririn layi a cikin inamel na kowane haƙorin nono. Da madubin ƙara girma ake ganinsa, kuma masu binciken gawa na amfani da shi su gane ko jariri ya rayu bayan haihuwa ko a mace aka haife shi.

Haƙoran girma, su 32, su ma ba bayan famfara suke farawa ba. Wajen wata na biyar na ciki ƙullansu ke fara tsirowa ta bayan na nono. Turmin farko na girma, wanda ke fitowa a shekara shida a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, yana fara tauri daidai lokacin haihuwa. Sauran duk bayan haihuwa ne.

Maganar uwar mijinki

Abin da ta gani da idonta gaskiya ne, bayanin ne bai daidaita ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce: Jamusawa ma suna da tsohuwar magana cewa kowane ɗa da haƙorin da yake ci wa uwarsa. A nan gida wasu mata kan ɗora laifin a kan fayar baka, wato aman da ake yi lokacin naƙuda. An yi bincike a kan matan Hausawa a Kano aka kuma tarar cewa masu haihuwa biyar zuwa sama sun fi rasa haƙora. To amma ba ɗan ne ya zuƙe ba.

Kafin a haife shi jariri yakan tara kimanin giram 30 na sinadarin kalsiyam, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe, kuma kusan duka ƙasusuwansa ne ke ɗauka, rabon haƙora kaɗan ne. Yana samunsa ne daga jininki ta mabiyiya. Jinin kuma daga abinci yake samu, har ma hanjin mai ciki yakan ninka yawan kalsiyam ɗin da yake tsotsa daga abin da ta ci. In abincin ya gaza, jiki yakan ranta daga ƙasusuwan uwa, domin ƙashi kullum cikin rushewa da sake ginuwa yake, akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan. Inamel ɗin haƙorin da ya riga ya fito ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, babu hanyar da jiki zai bi ya ɗebo wani abu daga gare shi ya kai wa ɗan tayi.

Abin da ke cin haƙoran masu ciki daga waje yake zuwa. Sinadaran ciki sukan sa dasashi ya yi laushi ya riƙa kumbura a kan ƙazantar da a da ba ta dame shi ba, jinin da kike gani ke nan. Sai mace ta ga jini ta tsorata ta rage goge baki, ƙazanta ta ƙaru, jinin ya ƙaru. Ga aman laulayi da ke wanke haƙora da ruwan ciki mai tsami. Ga kwaɗayi, a tsotsi alewa ko tsamiya ko lemo don kashe tashin zuciya, baki bai huta da zaƙi da tsami ba yini guda. Ga kuma imanin cewa mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori, daga nan a shiga jego, a shiga raino, kafin a farga wani cikin ya shiga. Ƙaramin kogon da da an cike shi a zama ɗaya sai ya shekara biyar yana zurfi. Yawancin matan da ke zuwa mini a cire musu turmi, idan na bi labarin, a wani ciki can baya ciwon ya fara aka ce ta yi haƙuri sai ta haihu.

Don haka kada ki daina gogewa saboda jini. Ki sami buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, safe da kuma daf da kwanciya, ki bi bakin dasashin a hankali. Aswaki yana da amfani, ki ci gaba da shi, sai dai bai maye gurbin man ba. In kin yi amai ki kurkure da ruwa, ki bari a yi kamar rabin awa kafin ki sa buroshi, don a lokacin tsamin ya tausasa saman haƙorin. Watannin nan na huɗu zuwa na shida su ne mafi sauƙi wajen zama a kujerar likita, ki je a wanke miki baki a duba ko da kogo. Allurar kashe zafi da muke yi a dasashi ba ta cutar da ciki, ciko ma haka, cirewa ma idan ta zama dole. Ki dai faɗa musu kina da ciki tun daga bakin ƙofa. Idan jinin yana zuba ko ba ki taɓa ba, ko kina ganin tabon jini a fata, wannan ya wuce batun dasashi, ki gaya wa masu awo a gwada jininki.

Haƙoran yaronki

A nan sai na yi taka-tsantsan, don ban ga bakinsa ba, kuma launi abu ne da ido ke raba gardamarsa. Abubuwa uku ne a gabana, zan faɗa miki yadda nake auna su.

Kafson da kika sha shi ne ya fi damunki, na lura, amma shi na fi ba wa ƙaramin kaso. Maganin da ke rina haƙori shi ne tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya da ake sayarwa barkatai don gudawa. Yana ratsa mabiyiya ya manne da kalsiyam a duk haƙorin da ke tauri a lokacin. Sai dai ba mu san ko shi kika sha ba, kuma in kafin wata na huɗu ne, babu abin da ya yi taurin da zai kama. Sannan rininsa yana da kama: zobe ne da ke kewaye haƙora da yawa, sama da ƙasa, hagu da dama daidai wa daida, yana fitowa rawaya ya riƙa duhu da hasken rana. Kuma galibi launi kawai yake ɓatawa, haƙorin na nan da ƙarfinsa. Naki kuwa kin ce na sama ne kaɗai, kuma suna marmashewa.

Haihuwarsa bakwaini ta fi ƙarfi a wurina. Watanni biyun da ya rasa su ne lokacin da kalsiyam ya fi kwarara daga uwa zuwa ɗa. Inamel ɗin da ya kamata a gina cikin wadata sai aka gina shi a waje, yaro na fama da numfashi da tsotso, wataƙila da shawara ko zazzaɓi. Sakamakon shi ne ɓawo siriri, mai ramuka ko mai laushi kamar alli, kuma ba a komawa a gyara. Idan an sa masa bututun numfashi ta baki, shi ma yakan danne dasashin sama ya taɓa haƙoran da ke kwance a ciki. Shawara mai tsanani kuma takan bar launin kore-kore.

Na uku shi ne ruɓewar da ke zuwa bayan haƙori ya fito, kuma ita na fi gani a yara masu shekarunsa. Fida mai shayi ko madara da sukari a baki har barci ya ɗauke, lemon kwali, biskit, alewa, ga ba a fara goge masa baki ba don ana ganin yaro ne. Alamarta ita ce ta kama haƙoran gaba huɗu na sama ta bar na ƙasa, domin harshe da yawu suna kare su. Wannan ya yi daidai da abin da kika kwatanta.

Tambayar da nake yi wa iyaye ita ce: da haƙorin ya fara fitowa, fari ne tas daga baya ya sauya, ko da tabonsa ya fito? Kuma daga ina ɓarnar ta fara, daga tsini ko daga gindi kusa da dasashi? Matsalar gini takan zauna kusa da tsini ko tsakiya ta fito tare da haƙorin. Ruɓewa kan fara da farin layi a bakin dasashi. In za ki tambayi hasashena, biyun ne suka haɗu: ya zo da inamel mai rauni saboda zuwa da wuri, zaƙi ya tarar da ƙofa a buɗe. Akwai kuma nau'in da ake gada, inda duk haƙora ke fitowa a lalace, na nono da na girma, wasu ire-irensa sun fi bayyana inda ake auren zumunci. In akwai mai irin haka a danginku ko na maigidan, ki ambata wa likita. Wani lokaci kuma ko mun duba ba ma iya nuna dalili guda mu ce shi ne, musamman idan ruɓewa ta riga ta cinye shaidar.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne haƙoransa na girma na gaba sai da ya yi wata uku zuwa huɗu a duniya suka fara tauri, don haka duk abin da kika sha da cikinsa bai same su ba. Amma kada a ce a bar shi ai zai yi famfara. A shekara uku kawunan waɗancan haƙoran ba su gama ginuwa ba, suna kwance daf da saiwar na nono, kuma idan ruɓewa ta kai ga ƙurji a gindi, mugunyar na iya ɓata na girman da ke ƙasa. Saura shekara uku zuwa huɗu kafin na gaban su faɗi, lokaci ne mai tsawo ga yaro yana cin abinci da ciwo.

Wanda ke ciki

Ba ni da wani magani na musamman da zan ce ki sha don haƙoransa su yi kyau. Ƙwayar fuloraid ga mai ciki an gwada, ba a ga ta kare haƙoran ɗa ba. Abin da ke gina masa haƙori shi ne abin da ke gina sauran jikinsa: ki ci ki ƙoshi, cikin ya kai watanninsa, kada ki yi doguwar jinya. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, miyar kuka, riɗi, wake da ƙwai, duk suna cikin abin da ake samu a kasuwarku. Farar ƙasar da masu ciki ke kwaɗayi ba ta cikin lissafi, tana ma iya hana jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini. Ki riƙa samun rana a jikinki ko a tsakar gida ne, don bitamin D da fata ke haɗawa da hasken rana shi ke buɗe wa kalsiyam hanya, kuma ƙarancinsa ga uwa yana da alaƙa da raunin inamel ga ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a rana ga masu ciki a wuraren da abinci ke da ƙarancinsa, ko da yake don rigakafin hawan jinin ciki ne. In an ba ki a wurin awo ki sha.

Tunda kin taɓa haihuwa kafin lokaci, awo a gare ki ba na wasa ba ne, kuma ki tabbata sun san wannan tarihin. Ki sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da suke bayarwa, ki kwana a gidan sauro. Ki yarda a yi gwajin tunjere idan sun nema, don cutar na ratsawa zuwa ɗa ta lalata siffar haƙoransa na girma, ban da ɓarnar da ta fi wannan, kuma allurar fenisilin na maganinta. Kafso daga kyamis ko daga mai tallan magani a tire kuwa a bar shi haka nan, ke da yaran duka, domin tetarasaikilin na rina haƙoran yaro har ya kai shekara takwas.

Idan kin sauka lafiya, ƙila ki ga 'yan fararen ƙuraje a dasashin jaririn. Ragowar layin nan ne na mako na shida, suna bajewa da kansu cikin makonni. Jefi-jefi kuma, kamar ɗaya cikin haihuwa 2000 zuwa 3000, akan haifi jariri da haƙori a ƙasa. Ba alamar komai ba ce illa haƙorin nono da ya kwanta kusa da sama ya riga lokacinsa. A kai shi likita ya duba ko yana girgiɗi ko yana yanka harshe, kada a bar wanzami ya sa aska a wurin, don ƙullin na girma na nan a ƙasa.

Shi kuma babban, ki kai shi sashen haƙori cikin makonnin nan, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ku. Ki tafi da katin haihuwarsa in yana nan, da duk hoton da kike da shi na lokacin da yake shekara ɗaya yana dariya, don hoton zai nuna yadda haƙoran suka fito. Gwargwadon zurfin ɓarnar, za a iya shafa masa fuloraid mai ƙarfi, ko wani ruwan magani mai azurfa da ke tsayar da ruɓewa amma yana baƙanta wurin, ko a yi ciko, ko a cire wanda ya riga ya yi ƙurji. Kafin ranar, a raba shi da fida da kayan zaƙi da dare, ki riƙa goge masa da kanki sau biyu a rana da man da bai wuce girman ƙwayar wake ba, ya tofar kada ya kurkure. Idan ya kai shekara shida a sake duba turamen nan huɗu na girma da zarar sun fito, tunda su ne suka fara tauri a makonnin da ya sha wahala.